BABI NA UKU: AUNA GAS MASU SAURIN RIKIƊA A ISKAR JIBIYA TA HANYAR TSEFE HASKE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ƙasar Jibiya da yanayinta da kuma sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi hanyar da masana kimiyya ke bi su auna wasu nau'o'in gas da ke cikin iska, waɗanda ba su da yawa ko kaɗan, kuma ba sa daɗewa sai su rikiɗe su koma wani abu daban. Abin da babin ke son nunawa shi ne, irin waɗannan gas ba su aunuwa da kyau sai a inda suke, a kuma lokacin da suke nan, kuma haske shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da wannan aiki, musamman a wuri irin Jibiya inda gas iri ɗaya ke fitowa daga tushe daban-daban.

Kafin a ci gaba ya kamata a fayyace kalmomi biyu. An zaɓi kalmar gas a nan maimakon jam'in iska, domin idan aka ce iskoki hankalin Bahaushe kan tafi wajen mutanen ɓoye. Haka kuma an yi amfani da tsefe haske domin bayyana yadda ake rarraba haske zuwa launukan da ke cikinsa, kamar yadda ake tsefe kitso a ware gashi sili-sili.

3.1 Gas 'Yan Ƙalilan da Dalilin Damuwa da Su

Idan aka cire danshi, kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, sannan kusan kashi ɗaya wani gas ne da ake kira agon. Ɗan abin da ya rage shi ya ƙunshi gas 'yan ƙalilan. Wasunsu ana lissafa su ne da kashi ɗaya cikin biliyan. Domin a fahimci ƙanƙantar wannan, a ƙiyasce daidai yake da ƙwayar gero guda a cikin buhunan gero kusan ɗari.

Waɗanda wannan bincike ya fi mayar da hankali a kansu su ne NO da NO2, waɗanda suka samu daga haɗuwar naitirojin da oksijin, da SO2, wanda ke fitowa idan aka ƙona man da ke da farar wuta a cikinsa, da ozon, wato O3, da fomaldihaid, da kuma amoniya, wadda warinta sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a turken dabbobi. Duk da ƙarancinsu, illarsu ba ƙarama ba ce. NO2 da SO2 da ozon suna fusata hanyoyin numfashi, suna kuma tayar wa masu fuka da ciwonsu. Ozon idan ya yi yawa a kusa da ƙasa yana ɓata ganyen shuka ya rage amfanin gona. Saboda haka ne a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar NO2 da ta ba da shawara a kai, daga maikirogiram 40 a kowace mita mai kusurwa shida ta iska zuwa maikirogiram 10, a matsakaicin lissafin shekara.

Wahalar auna su ta samo asali ne daga halinsu na saurin rikiɗa. Alal misali, zafin cikin injin mota yana haɗa naitirojin da oksijin su zama NO. Da zarar ya fito daga salansa ya gamu da ozon, sai ya koma NO2. Shi kuma NO2 idan rana ta haska shi, cikin 'yan mintuna sai ya sake rabewa, abin da ya fita daga jikinsa ya je ya samar da sabon ozon. A ƙarshe, cikin sa'o'i kaɗan zuwa yini guda, sai ya zama asid ya sauka ƙasa. Ke nan wanda ya ɗebi iska a kwalba a Jibiya ya kai ta ɗakin gwaji a Kano ko Zariya, abin da zai auna ba shi ne abin da ya ɗebo ba.

3.2 Asalin Ilimin Tsefe Haske

Nazarin haske tsohon ilimi ne. Tun a farkon ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. A shekarar 1666 Isaac Newton ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya nuna cewa farin haske tarin launuka ne, irin waɗanda ake gani a bakan gizo. A 1814 wani Bajamushe mai suna Joseph Fraunhofer ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin launukan hasken rana. Sai a wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da layukan da ya keɓanta da su.

Abin da ya bambanta wani launi da wani shi ne tsawon zangonsa. Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, waɗanda ake auna su da mita. To haske ma haka yake, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan'adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. Ƙasa da 400 akwai hasken bayan shunayya, sama da 700 kuma akwai hasken bayan ja, dukansu ido ba ya ganin su amma na'ura tana gani.

Kowane gas yana shanye haske a wasu zanguna na musamman, ya bar sauran su wuce. NO2 yana sha sosai tsakanin nanomita 400 da 460, shi ya sa hayaƙinsa idan ya yi kauri yake bayyana ja-ja. SO2 yana sha a wajen nanomita 300 zuwa 320, fomaldihaid kuma a wajen 320 zuwa 360. Amoniya kuwa ana samun alamarta can cikin hasken bayan ja. Ana iya kwatanta wannan da tsagar fuska. Kamar yadda dattijo a kasuwar Jibiya zai dubi fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne tun bai buɗe baki ba, haka masani zai dubi tsarin layukan da suka ɓace a cikin haske ya ce wannan gas kaza ne.

3.3 Yadda Ake Gane Yawan Gas

Sanin sunan gas bai wadatar ba sai an san yawansa. A nan ake amfani da ƙa'idar da ake jingina wa Lambert da Beer, wadda Pierre Bouguer ya fara bayyanawa a 1729, Lambert ya faɗaɗa a 1760, Beer kuma ya cika a 1852. Ƙa'idar tana cewa raguwar haske ta dogara ne a kan abu uku: yawan gas ɗin, da ƙarfin shansa a wannan zango, da kuma tsawon hanyar da hasken ya bi ta cikinsa. Ƙarfin shan kowane gas an riga an auna shi a ɗakunan gwaji. Idan aka san tsawon hanya, aka kuma auna yadda hasken ya ragu, to sauran lissafi ne.

Wannan ne ya sa ake buƙatar hanya mai tsawo. Idan iska tana ɗauke da NO2 kashi 10 cikin biliyan, hasken da ya ratsa mita ɗaya bai rasa abin da za a iya lura da shi ba. Amma idan ya ratsa kilomita guda, zurfin layukan zai kai kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma na'ura mai kyau tana iya ganin wannan.

Akwai wata matsala. Ba gas kaɗai ke rage haske ba. Ƙura da hayaƙi da gajimare duk suna ragewa, har ma fiye da gas ɗin. Maganin wannan shi ne dabarar da ake taƙaita sunanta da DOAS, wadda Ulrich Platt da Dieter Perner suka inganta a Jamus a ƙarshen shekarun 1970. Hikimarta ita ce, ƙura tana dusashe launuka ne gaba ɗaya a hankali, ba ta barin layuka, alhali gas yana barin siraran layuka masu hawa da sauka. Sai a sa kwamfuta ta kawar da dusashewar bai-ɗaya, a bar layukan kaɗai, kamar yadda ake bakace tsaba a fitar da dusa. Tun kafin wannan, a shekarun 1920, Gordon Dobson na Jami'ar Oxford ya ƙera na'urar auna ozon ta hanyar kwatanta zango biyu na hasken rana, ɗaya wanda ozon ke sha sosai, ɗaya wanda ba ya sha sai kaɗan.

3.4 Hanyoyin Awo

Ana iya kasa hanyoyin zuwa gida huɗu.

Ta farko ita ce ta fitila da madubi. Ana kafa fitila mai ƙarfi a kan wani gini, a sa madubi a nesa kamar kilomita ɗaya ko fiye, hasken ya je ya dawo cikin na'urar tsefe haske. Amfaninta shi ne tana aiki dare da rana, kuma tana ba da matsakaicin abin da ke kan hanyar gaba ɗaya, ba na wuri guda ba.

Ta biyu tana amfani da hasken rana da ya watsu a sama. Na'urar ƙarama ce, tana da ɗan madubin hange wanda ke duban sama-tsaye, sannan ya riƙa sunkuyowa daki-daki har kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan ya sunkuya, hasken da ke shigowa ya bi doguwar hanya ta cikin iskar da ke kusa da ƙasa. Idan ya dubi sama-tsaye kuwa hanyar gajera ce. Bambancin da ke tsakani shi ke nuna gas ɗin da ke ƙasa-ƙasa, inda mutane ke numfashi. Wannan hanya ta yaɗu ne daga farkon shekarun 2000, ana kiran ta MAX-DOAS.

Ta uku ita ce a ɗora irin wannan na'ura a kan mota tana duban sama, a zagaye wurin da ake zargi. Idan aka haɗa abin da aka auna da ƙarfin iska da inda ta dosa, ana iya lissafa yawan gas da wurin ke fitarwa.

Ta huɗu ita ce ta tauraron ɗan'adam, wanda ke tsefe hasken ranar da ƙasa ta mayar sama. An harba na'urar GOME a 1995, SCIAMACHY a 2002, OMI a 2004, sannan TROPOMI a watan Oktoba na 2017. GOME tana ɗaukar fili mai faɗin kilomita 320 da 40 a matsayin ɗigo guda. TROPOMI kuwa, daga watan Agusta na 2019, ɗigonta ya koma kimanin kilomita 5.5 da 3.5, kuma tana ratsa kowane wuri da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Amoniya kuma ana auna ta da na'urar IASI, wadda aka fara harbawa a 2006.

3.5 Tushen Gas a Jibiya

Jibiya tana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi. Wannan matsayi ya sa tushe uku na NO2 suke haɗuwa a sararin samaniyarta, kowanne da lokacinsa.

Tushe na farko shi ne ababen hawa. Tireloli da tankoki da ke jiran a duba takardunsu a kan iyaka, da ƙananan motoci da babura, da janareto, duk suna fitar da NO. Masu amfani da man dizal suna ƙarawa da SO2 gwargwadon farar wutar da ke cikin man. A shekarar 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da a tsayar da farar wuta a kashi 50 cikin miliyan, kuma auna SO2 a bakin hanya yana cikin abin da zai nuna ko man da ake ƙonawa ya yi kusa da wannan ƙa'ida. Wannan tushe yana bin sa'o'in yini da ranakun mako, yana ƙaruwa ranar kasuwa.

Tushe na biyu shi ne wuta: ƙona kara da ciyawa lokacin sharar gona, da gobarar daji bayan kaka, da itacen girki safe da yamma. Wuta tana fitar da NO2 tare da fomaldihaid da amoniya.

Tushe na uku shi ne wanda ba a cika zato ba, wato ƙasar noma kanta. A tsawon rani, kashin dabbobi da ragowar tsirrai suna tara naitirojin a cikin busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke sarrafa shi kuwa suna kwance babu ruwa. Da ruwan farko ya sauka, a daidai lokacin da manomi ke jin ƙamshin ƙasa yana shirin shuka, sai su farka gaba ɗaya su fitar da NO mai yawa cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2004 Lyatt Jaeglé da abokan aikinta suka yi amfani da awon GOME suka nuna wannan tashi a faɗin yankin Sahel a farkon damina. A 2006 kuma, a ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, jirgin sama mai ɗauke da na'urori da ke tashi daga Yamai ya sami ƙarin waɗannan gas a saman wuraren da ruwa bai daɗe da jiƙawa ba. Tashar Banizumbu da ke gabas da Yamai, inda ake tattara awon gas wata-wata tun shekarun 1990, ita ma ta nuna NO2 ya fi yawa a farkon damina. Jibiya tana cikin wannan ɗamara ta ƙasa mai rairayi da dogon rani. Abin lura a nan shi ne, naitirojin ɗin da ya tashi sama wani ɓangare ne na takin da gona ta rasa, ko da yake wani yakan dawo tare da ruwan sama.

Ƙwayar NO2 ɗaya ce, ko daga salansa ta fito ko daga gona. Abin da ke raba su shi ne lokaci, da wuri, da abokan tafiya. Idan ya zo tare da SO2 daga wajen hanya da safiyar kasuwa, alama ce ta mota. Idan ya zo tare da fomaldihaid da hayaƙi a watan Disamba ko Afrilu, alama ce ta wuta. Idan kuwa ya tashi ta kowace kusurwa kwana ɗaya bayan ruwan farko a watan Mayu ko Yuni, to ƙasa ce. Na'urar tsefe haske tana ganin gas da dama a cikin haske guda, tana maimaita awo cikin 'yan mintuna, kuma ana iya juya ta gabas ko arewa. Wannan ne fifikonta a kan ma'aunin da ke ba da lamba ɗaya a wata.

3.6 Rufe Iyaka a Matsayin Gwaji

Tarihin iyakar ya samar da wata dama ta bincike. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. An sake rufewa a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, aka buɗe a watan Maris na 2024. Duk waɗannan lokuta sun faɗo cikin shekarun aikin TROPOMI, wadda awonta kyauta ne ga mai bincike. An ga irin wannan a 2020, lokacin da kullen annobar korona ya sa NO2 ya ragu a fili a saman biranen Sin da arewacin Italiya.

Sai dai dole a yi hattara. Ya kamata a kwatanta wata da takwaransa na wata shekara, Janairu da Janairu, don kada a ɗora wa mota abin da damina ta yi. Haka kuma rufe ƙofa ba ya nufin tsayawar zirga-zirga, domin akwai hanyoyin daji da babura ke bi. Irin wannan kwatanci zai kuma zama ma'auni na farko da za a koma gare shi nan gaba, ganin cewa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, an tsara shi ne ya bi ta Jibiya.

3.7 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Ko da yake an ce ana iya kawar da dusashewar da ƙura ke jawowa, ƙurar tana kuma karkatar da haske ta sauya tsawon hanyarsa, wanda shi ne ginshiƙin lissafi. Ana gyara wannan ta hanyar duban layukan oksijin mai tagwaye, wanda an san yawansa a iska, a nanomita 360 da 477. Idan layukansa suka ragu, an san hanyar ta gajarta. Amma a ranar da hazo ya yi kauri, tauraron ɗan'adam ba ya ganin iskar da ke ƙasa sosai.

Ta biyu ita ce girman ɗigo. Fili mai kilomita 5.5 da 3.5 zai haɗe tashar kwastan da gidaje da gonaki wuri guda, ya ba da lamba ɗaya, alhali mai tallar abinci da ke zaune kusa da salansar tirela yana shaƙar abin da ya ninka wannan. Ta uku ita ce lokaci, domin ƙarfe ɗaya da rabi na rana ba shi ne lokacin cunkoso ko na girki ba. Akwai taurari masu tsayawa wuri guda su yi awo kowace sa'a, kamar GEMS na Asiya daga 2020 da TEMPO na Amurka ta Arewa daga 2023, amma yankin da suke kallo bai haɗa da Afirka ta Yamma ba. Ta huɗu ta shafi aiki a ƙasa: na'urar tana son zafinta ya tsaya wuri guda ko da a tsakiyar bazara, gilashinta yana son gogewa kullum, tana son wuta marar yankewa, sannan ga matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa gas masu saurin rikiɗa ba su jure ɗauka zuwa ɗakin gwaji, kuma kowannensu yana barin alamarsa a cikin haske. An bayyana ƙa'idar lissafi da hanyoyin awo huɗu, an kuma kawo tushe uku da ke haɗuwa a Jibiya. Abin da aka fahimta shi ne, tauraron ɗan'adam yana ba da faɗi da tarihi, na'urar ƙasa kuma tana ba da sa'a da kusurwa, kuma ɗaya ba ya wadatarwa sai da ɗayan. Har ila yau, da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, abin da aka ƙona a Ɗan Isa yana iya isa Magama a wani lokaci na shekara, na Magama kuma ya isa Ɗan Isa a wani. Saboda haka awon da zai amfani hukumomi irin su NESREA da takwarorinsu na Nijar shi ne wanda aka yi a ɓangarorin biyu na iyaka da ma'auni iri ɗaya. A babi na gaba za a duba yadda ake tace awon TROPOMI na wannan yanki wata-wata.